Ƙwan fitilar baya-baya: me ya sa wanda ka saya ya ƙi shiga?

Tambaya daga wani mai mota a Tahoua: "Ina da Corolla ta 2007 wadda aka shigo da ita daga Amurka. Farar fitilar da ke kamawa in an sa giyar baya ta mutu gefe guda. Na aiki yaro kasuwa, ya sayo ƙwai mai gindin ƙarfe, ya ƙi shiga. Abokina mai Peugeot ya ce irin nasa ne, wai duk ɗaya suke. Wanne ne na motata? Kuma zan iya sa LED, tunda layinmu akwai duhu?"

Malam, sannu da ɗawainiya. Yaronka bai yi laifi ba, mai shagon ma bai cuce shi ba. An ce masa ƙwan baya-baya, shi kuma ya miƙo wanda ya fi fita a hannunsa. Abokinka ya yi gaskiya a kan motarsa, amma ba a kan taka ba. Corollar Amurka ta shekarun 2003 zuwa 2008 ƙwai mai lamba 921 take ɗauka, wanda a kwalin Turai ake rubutawa W16W, ƴan kasuwa kuma su ce T15. Ba shi da gindin ƙarfe ko kaɗan. Gilashi ne tun daga sama har ƙasa, gindin a matse yake kamar bakin kurfi, da ƴan siraran wayoyi a lanƙwashe a jikinsa. Tura shi ake yi ya zauna, ba a murɗawa. Wanda yaron ya kawo kuwa, bisa yadda ka kwatanta shi, P21W ne, na Peugeot da sauran tsofaffin motocin Turai.

Na daɗe ina gyaran wutar mota a nan Yamai, kuma wannan ruɗanin kusan kullum sai ya shigo garaji. Dalilinsa shi ne motocinmu ba daga gida ɗaya suke ba. Wata daga Beljiyam ko Jamus ta taso, wata daga Amurka, wata daga Dubai, duk sun bi ta Kwatano ko Lome sun haɗu a titi ɗaya. Sunan mota ɗaya, shekara ɗaya, amma gidan fitilar baya ya sha bamban, saboda kowace kasuwa da abin da aka ƙera mata. Shi ya sa in mutum ya ce mini "ba ni ampul ɗin Corolla", nakan ce wace Corolla? Sunan mota ba ya isa. Abin da ke yanke hukunci shi ne gindin ƙwan da kuma mazauninsa, wato soket, wanda mu a nan muka fi kira duwi.

Bari in fara da mai gindin ƙarfe, tunda shi ne a hannunka yanzu. Juya shi ka duba. Gindin faɗinsa milimita 15 ne, a ƙasansa akwai ɗigon dalma guda ɗaya, a gefe kuma ƴan kunnuwa biyu masu kallon juna, a tsayi ɗaya. Sunan wannan gindin BA15s. Lambar ba ado ba ce: 15 ɗin faɗi ne, ƙaramin harafin s na ƙarshe yana nufin ɗigo ɗaya, da ɗigo biyu ne sai a rubuta d. Ƙwan da kansa P21W, wat 21 a kan bolt 12, yana jan wuta kusan amfiya 1.75, haskensa lumen 460 a ma'aunin Turai (lumen shi ne awon yawan haske). Amurkawa suna da takwaransa mai lamba 1156, gindi ɗaya, yana shiga mazauni ɗaya, sai dai ya ɗan fi cin wuta. A kwalin Osram kuma za ka ga 7506. Sunaye uku, wuri ɗaya suke zama. Danna shi ake yi, a murɗa kaɗan, kunnuwan su faɗa ramukansu. Peugeot 504 da 405, Mercedes 190, tsofaffin Golf, duk wannan ne a bayansu.

Matsalar wannan ƙwan ita ce yana da ƴan'uwa masu kama da shi kamar an tsaga kara, kuma a kasuwa a kwando ɗaya ake zuba su. Akwai na birki, P21/5W ko 1157, mai zare biyu a ciki da ɗigo biyu a ƙasa, kunnensa ɗaya ya fi ɗaya tsayi. Akwai na sigina mai ruwan lemu, PY21W, ɗigonsa ɗaya ne amma kunnuwansa ba sa kallon juna sak, an karkatar da su zuwa digiri 150. Masu ƙera su da gangan suka yi haka, don kada a sa wani a gurbin wani. Mu kuma sai mu ga ƙwai ya ƙi murɗuwa, mu ɗauko zarto mu goge kunne ɗaya, mu cusa shi da ƙarfin tsiya. Zai kama yau. Amma ƙwan da ke rataye da kunne ɗaya ba ya jure gargada. Kafin ka kai Abalak ya sassauta, yana taɓawa yana saki, ƙarfen mazaunin yana ƙonewa a hankali. In kuma aka cusa mai ɗigo ɗaya a mazaunin birki mai ɗigo biyu, sai ya haɗa layin birki da na ƙananan fitilu: ka taka birki, fitilun gaban direba su kama. An taɓa kawo mini wata mota da wannan ciwon bayan an yi kwana biyu ana yanka mata wayoyi a wani garajin, alhali ƙwai ɗaya ne aka sa ba daidai ba.

Sai kuma R10W da R5W. Gindinsu BA15s ne sak, suna shiga lafiya lau, kansu ne ƙarami. Wat 10 da wat 5. In aka sa maka ɗaya a baya-baya zai kama, mai gyara ya karɓi kuɗinsa, kai kuma da dare ka ga kamar ka kunna aci-bal-bal.

Yanzu dangin naka, masu gindin gilashi. Su ma uku ne da ya kamata ka sani. Ƙaraminsu W5W, ko T10, ko 194 da 168 a lambar Amurka. Shi ne na fitilar lambar mota da ƙananan fitilun gaba. Na tsakiya shi ne naka, W16W. Babbansu W21W, ko T20, ko 7440, wanda Honda da wasu motocin Japan suke amfani da shi a baya-baya. Lambar da ke bayan T kaurin gilashin take nunawa a milimita: 10, 15, 20.

Nan ne tarkon yake, kuma ina so ka kula sosai. W5W da W16W gindinsu ɗaya ne, W2.1x9.5d. Ko wanne yana shiga mazaunin ɗan'uwansa ba gardama. Amma W5W lumen 50 yake bayarwa, W16W kuwa 310, ya ninka shi fiye da sau shida. Tunda T10 ya fi yawa a kasuwa kuma ya fi araha, da yawa shi ake miƙa wa wanda ya zo neman 921, a ce masa "ai duk ɗaya ne, ga shi ya shiga". Shiga kam ya shiga. Haske ne babu. In ka ajiye su kusa da juna za ka gane: naka ya fi tsawo, kansa ya fi kumbura, kamar ɗan dabino kusa da ƙwayar gyaɗa. Kada kuma a yi akasin haka, a sa W16W a fitilar lamba don wai ta ƙara haske. Gidan ƙarami ne, fitilar kuma tana kunne duk dare, zafin zai narkar da robar.

W21W ba zai shiga motarka ba, gindinsa ya fi faɗi, W3x16d. Shi kuma abokin ruɗaninsa W21/5W ne, wato 7443 na birki. Ɗaga shi a rana ka ƙirga zaren da ke ciki: ɗaya na baya-baya ne, biyu na birki.

Akwai iri biyu da ba kasafai ake samun su a ƙananan shaguna ba. Na farko 3156, mai gindin roba, wat 27, na motocin Amurka irin su Ford da Chevrolet. Ɗan'uwansa mai zare biyu 3157. Na biyu H21W, siririn halojin mai gindin ƙarfe na milimita 9, BAY9s, da ake samu a wasu motocin Jamus da Faransa na baya-bayan nan. Yana da haske, lumen 600, yana da zafi, kuma ba a taɓa gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu yana rage masa kwana. Wanda motarsa ke ɗaukar ɗayan waɗannan biyun, in ya samu a Yamai, a Katako ko wurin masu kayan gyara, ya sayi biyu ya ajiye. Sababbin motoci da yawa kuma ba su da ƙwai kwata-kwata, LED ce a manne cikin gidan fitilar. In ta mutu sai a canja gidan ko a ba mai gyaran allon lantarki.

Direbobin tirela da manyan bas, naku bolt 24 ne. P21W na 24 da na 12 ba a bambance su da ido sai an karanta rubutun gindin. Na 12 a tirela ƙonewa yake nan take. Na 24 a ƙaramar mota kuma ja-ja yake yi kamar garwashin da ya kusa mutuwa, mutum ya yi ta zargin batir.

Ka ce gefe guda ne ya mutu. A motarka wannan magana ce mai ma'ana, tunda ta Amurka ce kuma fitilu biyu gare ta. Amma abokinka mai motar Turai ya duba tasa kafin ya sayi komai. Dokar Turai fitilar baya-baya guda ɗaya ta wajabta wa ƙaramar mota, ta biyun ganin dama ce. Kamfanoni da yawa sai su sa fara a gefen dama, a gefen hagu kuma su sa ja mai ƙarfi ta hazo. Wani dattijo ya taɓa zuwa wurina da Golf, ransa a ɓace, wai wanda ya sayar masa da motar ya cire masa fitila ɗaya. Sai da na nuna masa cewa gilashin wancan gefen ja ne tun daga masana'anta kafin ya sauko. Ita wannan ja ɗin, a hunturu in ƙura ta rufe hanyar Konni, tana da amfani ƙwarai, kodayake mutane kaɗan ne suka san maɓallinta.

To, kafin ka sake aiken yaro, ka tabbatar ƙwan ne ya mutu. Buɗe but, ka bi bayan wurin da farin gilashi yake, ka ɗaga shimfiɗar da ta rufe shi. Za ka ga robar mazaunin da wayoyi biyu. Murɗa ta hagu kaɗan, ta fito, ka zaro ƙwan a miƙe. In zaren ya tsinke, ko gilashin ya yi baƙi ko fari kamar an busa hayaƙi a ciki, shi ne. In yana da kyau a ido, ɗauko na gefen da ke aiki ka sa a nan. Ya kama, to ƙwai ne. Bai kama ba, mazauni ne ko waya. A yi gwajin inji a kashe, makulli a buɗe, birkin hannu a ja, wani yana zaune a kujerar direba ƙafarsa a kan birki. Kada kowa ya tsaya bayan motar da injinta ke aiki tana cikin giyar baya, ko da na minti ɗaya ne.

Mazaunin nan shi ne abin da aka fi rainawa, kuma a ƙasarmu shi ya fi shan wahala. Ƙura tana shiga duk shekara, damina ta zo ta jiƙa ta, masu wankin mota kuma su ƙara da ruwa mai ƙarfi a daidai bakin fitilar. In robar da ke toshe bakin mazaunin ta bushe da rana ta tsage, shi ke nan. A mazaunin gindin gilashi akwai ƴan harsunan tagulla da ke matse ƙwan. Su kan yi kore, ko su buɗe su daina matsewa. A kashe makulli, a kankare su da bakin ƙaramin tunabis ko guntun samfefa, a ɗan matso su ciki. Wayoyin gindin sabon ƙwan ma, in sun kwanta sosai, a ɗan ɗaga su da farce. A mazaunin gindin ƙarfe kuwa, harshen tsakiya ne ke kwanciya ya daina tura ƙwan, ɗigon dalmar kuma ya lotsa saboda girgiza. Jikin mazaunin shi ne mas, wato hanyar da wuta ke bi ta koma jikin mota, in ya yi tsatsa fitilar ta riƙa yin rauni ko ta kama tare da wata. In ka ga robar ta yi ruwan ƙasa ko ta narke, kada a ɓata lokaci da kankara. A yanke a sa wani, ana samunsa da guntun wayarsa wurin masu kayan tsofaffin motoci. A haɗa da dalma a rufe da kyau, ba a murɗe waya da hannu a naɗe da leda ba. A kuma duba ƙafafun robar, domin mazaunai biyu suna iya ɗaukar ƙwai iri ɗaya amma ƙafafunsu ba su dace da ramin gidan fitila ɗaya ba.

Da duka biyun ne suka mutu lokaci guda, da ba ƙwai zan fara zargi ba. Sai fis, wanda muke cewa fuzibil, da makunnin da ke jikin giya. A mota mai kulochi ɗan ƙaramin makunni ne a ɗaure jikin akwatin giya, da wayoyi biyu. A mai canja giya da kanta kuma yana cikin na'urar da ke gaya wa mota ko a P take ko R. A Toyota da yawa na wancan zamanin fis ɗin da aka rubuta wa GAUGE ne ke ciyar da wannan layin tare da agogunan gaban direba. In kuma fitilar tana cikin murfin but ne, a duba wayoyin da suka bi ta wurin lanƙwasar murfin, buɗewa da rufewa na shekaru yana karya su a cikin rigarsu.

Motar da ke cinye ƙwai a kai a kai, a auna wutarta inji na aiki. Tsakanin bolt 13.5 da 14.5 lafiya ne. In ta kai 15, na'urar cajin ce ke wuce gona da iri. Ƙarin kashi 5 cikin ɗari kawai a ƙarfin wuta yana rage kwanan ƙwai mai zare da kusan rabi, kuma batir ma yana shan nasa.

Maganar LED. E, za ka iya, kuma a cikin fitilun mota baya-baya ce wurin da na fi yarda a sa ta. Ba ta daɗewa a kunne, saboda haka zafi bai cika kashe ta ba, ko a watan Afrilu da Tahoua ke wuce digiri 40. Ba ta da zaren da girgiza za ta tsinka. Sai dai ka nemi mai gindin T15 ko 921, ka kuma gwada tsawonta da kaurinta da tsohon ƙwan, domin wasu sun yi ƙiba har ba sa wucewa ta ramin. Ka zaɓi mai idanu a gefe da kuma a gaba. Madubin da ke cikin gidan fitilar an ƙera shi ne don ya tattara hasken zare mai watsuwa ko'ina; LED mai kallon gaba kaɗai tana kashe idon wanda ke bayanka amma ba ta haska ƙasa da gefen katanga, inda kake buƙata. Adadin lumen da ake bugawa a kwalayen arha kuwa, ni ba na kallonsa. Da yawansu suna fara haske kamar walƙiya, bayan minti ɗaya su yi sanyi.

In ka sa ta ƙi kamawa, kada ka ce ta lalace. LED tana da kai da ƙafa a wurin wuta. Zaro ta, juya ta, mayar. A gindin gilashi wannan abu ne mai sauƙi. A gindin ƙarfe juyawa ba ta canja komai, tunda tsakiya da jiki suna nan yadda suke, don haka mai irin wannan mazaunin gara ya sayi wadda ba ta zaɓen ɓangare.

Corollarka ba ta ƙirga wutar da ƙwan baya ke ja, ba za ta yi maka ƙorafi ba. Masu Mercedes, BMW da Volkswagen na shekarun baya-bayan nan su ne kwamfutar motar ke lura, ta ga LED ba ta jan wuta kamar ƙwai, ta kunna alamar fitila ta mutu, wani lokacin ma LED ɗin ta riƙa ƙyaftawa ita kaɗai. Maganinsu LED mai rubutun CANbus, ko a ƙara abin da ke cin rarar wutar, mai om 6 da wat 50. Wannan abin yana zafi har ya ƙona yatsa, dole a ɗaure shi a jikin ƙarfe nesa da roba da shimfiɗar but. Ga wanda yake da kyamarar baya kuma, yawanci daga wayar wannan fitilar aka ja mata wuta, in hoton ya fara rawa bayan an canja ƙwai, daga nan za a fara nema.

Abin da ba na yi wa kowa shi ne sa shuɗiya, ko mai ƙyaftawa, ko haɗa baya-baya da wani makunni don ta zauna a kunne ana tafiya. Farin haske a bayan mota magana ce ga mai kabukabu da yaron da ke wasa a ƙofar gida, cewa motar nan tana tahowa baya. In aka ɓata ma'anarsa an cuci mutane. Kuma kafin ka kashe kuɗi a LED, wanke gilashin ciki da waje. Na sha ganin gidan fitila da ƙura ta kwanta a madubinsa kamar garin dawa, mai shi yana neman ƙwai mai ƙarfi.

In ƙwai mai zare za ka koma, nemi mai suna, Osram, Philips, Narva, ko Koito da Stanley na Japan, ka duba rubutun jikinsa ya fito tsaf. Harafin E a cikin da'ira alamar amincewar Turai ce, E1 Jamus, E2 Faransa, kodayake masu jabu ma sun iya buga ta. Zaren da ya karkace da gilashin da bai zauna daidai ba su ne ke tona musu asiri. Takardar motarka tana iya cewa wat 16 ko 18 a gaban 921, kada wannan ya dame ka, ƙwai ɗaya ne.

P21W ɗin da yaron ya sayo, ba wa abokinka mai Peugeot, zai yi masa amfani. Mataccen naka kuma sa shi a kwalin ashana ka ba yaron ya tafi da shi, ya ce 921 ko T15, ya ajiye su gefe da gefe a kan teburin mai shago kafin ya biya. Ya sayo biyu, domin na ɗaya gefen sa'ansa ne, tare aka sa su.